Yadda Ake Duba Bitong: Itacen, Wuƙar, da Hannun da Ya Yi Rubutun

Alƙalamin rubutun Sinawa na gashi ne, gashin akuya ko na zomo, ɗaure a bakin siririyar gora. Idan an gama aiki sai a wanke shi, a bari ya bushe, sannan a tsayar da shi, gashi sama, cikin wani mazubi zagayayye mai buɗaɗɗen baki. Wannan mazubi shi ne bitong. Ana yin sa da gora, da tangaran, da hauren giwa, da dutse mai daraja. Amma wanda ya fi ba mai saye wahala shi ne na itace, musamman idan an sassaƙa rubutu a jikinsa, aka rufe da sunan wani shahararren malami mai zane.

Wahalar daga wuri ɗaya take. Wanda ya ɗauki irin wannan bitong yana riƙe da abubuwa uku, kuma kowanne da shekarunsa: itacen, aikin da ya mai da itacen mazubi, sai rubutun. Suna iya zama sa'o'in juna, suna kuma iya rata da shekara ɗari uku. Dillali zai so ka dube su a dunƙule, ka ga tsufan itace ka gaskata suna. Kai kuwa aikinka shi ne ka raba su, ka yi wa kowanne tambayarsa, kuma ka bar sunan zuwa ƙarshe. Na ce zuwa ƙarshe domin suna yana rufe ido. Da zarar an ce maka "aikin shahararren mai zane Zheng Banqiao ne", to, duk abin da ka gani bayan nan za ka gan shi ne da son zuciya.

Fara da sanin lokacin da abin ya samu. Bitong bai zama ruwan dare a ɗakin karatun malaman Sin ba sai a ƙarshen daular Ming, wato daga ƙarni na 16 zuwa na 17. A 1966 an buɗe kabarin Zhu Shoucheng a Baoshan, kusa da Shanghai, wanda aka binne a zamanin Sarki Wanli, aka samu bitong na itacen zitan a cikin kayansa. Wen Zhenheng (1585–1645), ɗan gidan malamai na Suzhou, tattaɓa-kunnen mai zane Wen Zhengming, ya yi maganar bitong a littafinsa Zhangwu zhi. Ya fifita na gora mai ɗigo-ɗigo, ya yarda cewa ana iya amfani da na zitan da na baƙin itace da na huali, ya kuma ƙi masu kusurwa takwas. Daga nan darasi biyu suka fito. Na farko, duk bitong na itace mai ɗauke da sunan tsofaffin malamai irin Su Shi (1037–1101) ko Zhao Mengfu (1254–1322), mutanen ba su taɓa ganinsa ba. Kwafar rubutunsu aka yi daga littattafan koyon rubutu, kuma sau da yawa masassaƙin bai nufi yaudara ba, girmamawa ce. Na biyu, ɗanɗanon malaman wancan zamani ya karkata ga abu marar hayaniya. Mafi yawan kyawawan bitong na itace na ƙarni na 17 ba su da ko harafi ɗaya; zanen jikin itacen shi ne adonsu. Waɗannan fararen, marasa rubutu, su ne gonar masu jabu a yau.

Itacen

Itatuwa biyu ne sarakunan wannan fage. Huanghuali, wanda masana tsirrai ke kira Dalbergia odorifera, daga tsibirin Hainan yake. Launinsa daga ruwan zuma zuwa ja-ja mai duhu, kuma idan ka juya shi a haske sai ka ga kamar hasken daga cikin itacen yake fitowa. Jijiyoyinsa suna gudana suna lanƙwasa, inda reshe ya taɓa fitowa kuma sai su yi ƙulli mai kama da ido biyu da baki, wanda 'yan kasuwa ke kira fuskar aljani. Yana da ƙamshi mai sanyi, ko da yake a tsohon abu sai ka sa hanci cikin mazubin kafin ka ji, wani lokaci ma ya gushe.

Zitan, Pterocarpus santalinus, daga kudancin Indiya ake kawo shi. Sabon yanka ja ne mai ruwan lemo, da shekaru sai ya koma baƙi-baƙi mai shunin duhu. Nauyi gare shi har yana nutsewa a ruwa. Da gilashin ƙara girma za ka ga ƙananan layuka lanƙwasassu a jikinsa, waɗanda ake kira gashin sa, wani lokaci da ɗigon ƙyalli a cikin ramukan. Bishiyar ba ta cika kauri ba, kuma cikinta yakan zama kogo, har masu sana'ar suna cewa cikin goma tara kogo ne. Saboda haka babban bitong na zitan da aka fitar daga gungume ɗaya abu ne mai wuya, kuma ya cancanci ƙarin dubawa. Bayan waɗannan akwai huangyang, rawaya mai laushin fuska wanda ke karɓar sassaƙa mai ƙanƙanta, da jichimu mai zanen gashin tsuntsu, da hongmu wanda ya yawaita a ƙarni na 19.

A nan maganar ta taɓo mu kai tsaye. Madobiya, itacen da aka yi ta sara a Taraba da Adamawa ana lodawa zuwa Sin a shekarun 2010, har aka sa shi cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu daga 2017, a kasuwar can ana sayar da shi da laƙabin huanghuali na Afirka. Launinsa na iya rikita baƙo, amma ramukan jikinsa sun fi faɗi, ba shi da wancan zurfin haske, kuma sabon yankansa wari-wari yake yi mai tsami. Haka nan mukula na Zambiya da Kwango, ana shigar da shi a matsayin zitan. Akwai gwajin da ake yi da auduga da aka jiƙa da sinadarin alkohol: zitan yakan bar ja a audugar. Kada ka dogara da shi, domin mukula ma yana yi, itacen da aka rina ma yana yi. Kada kuma ka gwada a kayan wani ba da izininsa ba. Idan ka tabbatar itacen madobiya ne ko mukula, magana ta ƙare, ba sai ka karanta rubutun ba.

Sai ka kifar da shi ka dubi gindi. Bitong da aka fafe daga gungume ɗaya yakan zo da rami a tsakiyar gindinsa, an toshe da wani guntun itace dabam. Sinawa na kiransa cibiya. Dalilinsa na aiki ne. Tsakiyar gungume ita ce ta fi saurin tsagewa idan itace yana bushewa, don haka ake cire ta, a bar wa gindin wurin motsi. A tsohon abu wannan matoshi yakan saki, ya ɗan nutse ko ya ɗan fito, wani ma ya ɓace an sa sabo. Sabon matoshi ba aibi ba ne. Abin tuhuma shi ne matoshin da aka zana da layi kawai a gindin da ba a huda ba. Akwai kuma waɗanda aka yi musu gindi dabam aka haɗa, da masu gajerun ƙafafu uku.

Gwada faɗin bakin ta fuska biyu. Itacen da ya shekara ɗaruruwa yana shan laima yana bushewa ba kasafai yake zama zagayayye cif ba. Shafa jikin daga sama zuwa ƙasa: da yawa daga cikin na ƙarni na 17 da na 18 suna da ɗan ƙugu, sun ɗan matse a tsakiya sun buɗe a baki, matsewar da hannu ke ji kafin ido ya gani. Leƙa ciki da tocila. Ciki ya kamata ya fi waje bushewa da gautsi, da tabon tawada a ƙasa da ƙurar da ta zauna. Tawadar da aka shafe cikin da ita baki ɗaya, daidai wa daida, fenti ce. Leɓen bakin kuma, inda goran alƙalami ke bugawa kullum, ya kamata ya nuna cin da bai daidaita ba. Sheƙin da hannu da iska da shekaru ke ba itace, wanda ake kira baojiang, yana da taushi a ido, ya fi yawa inda ake kamawa. Sheƙin injin goge-goge ko'ina ɗaya yake.

Karanta rubutun

Ba dole ba ne ka iya Sinanci kafin ka gane tsarin, amma dole ne ka nemi wanda ya iya, kuma wanda ya saba da tsohon rubutu, domin mai karanta jarida ba lallai ya iya warware rubutun gudu ba. Ana karantawa daga sama zuwa ƙasa, sahu-sahu, daga dama zuwa hagu. Jikin maganar ke fara zuwa, waƙa ce ko guntun wani sanannen rubutu. Sannan, da ƙananan haruffa, kwanan wata, wani lokaci da sunan wanda aka yi wa, sai sa hannu, sai hatimi ɗaya ko biyu.

Harafin da ke biye da suna ya fi sunan kansa muhimmanci, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Shu na nufin wane ya rubuta. Ti, ya sa rubutu a kan abin. Ke ko juan, ya sassaƙa. Zhi, ya ƙera. Lin kuwa kwafa ce, fang kuma bin salon wani. Bitong da ya ce "fang Dong Qichang" gaskiya ya faɗa maka: an bi salonsa ne. Na fi daraja wanda ya ambaci mutum biyu, wane ya rubuta, wane ya sassaƙa, domin haka aikin yake gudana a zahiri. Malami yakan yi rubutun a jikin itacen, da jan launi idan itacen baƙi ne, ko a siririyar takarda a manna, sai gwanin wuƙa ya bi. 'Yan kaɗan ne suka haɗa biyun, irin Zhou Hao (1685–1773) na Jiading, mai laƙabin Zhiyan, wanda mai zane ne kuma masassaƙi.

Malamin Sin yana da sunan yanka, da sunan girma da abokai ke kiransa da shi, da laƙabi ɗaya ko da yawa. Dong Qichang (1555–1636) shi ne Xuanzai, shi ne Sibai. Zheng Xie (1693–1765) shi ne Banqiao. Jin Nong (1687–1763) shi ne Dongxin. Chen Hongshou (1768–1822) shi ne Mansheng. Dole hatimi ya dace da sa hannu. Hatimin wani a ƙarƙashin sunan wani alama ce ta wanda ya tsinto daga littafi bai san abin da ya tsinto ba.

Kwanan wata shi ne tarkon da ya fi kama ɓarawo. Sinawa na da kewayen shekara 60, kowace shekara da sunanta mai haruffa biyu, sunan kuma yana dawowa bayan shekara 60. Bitong na gora mai zanen itacen pine da gauraka da ke gidan tarihi na Nanjing, aikin Zhu He, yana ɗauke da shekarar xinwei. Xinwei na iya zama 1511, ko 1571, ko 1631. Sai an haɗa da abin da aka sani na rayuwar mutumin kafin a zaɓa, kuma galibi 1571 ake ɗauka. Yanzu juya lissafin. Chen Hongshou bai cika shekara 60 a duniya ba, saboda haka akwai sunayen shekarun da bai taɓa rayuwa a cikinsu ba. Idan ka ga sa hannun Mansheng da shekarar jiashen, to 1764 ce, shekara huɗu kafin a haife shi, ko 1824, shekara biyu bayan rasuwarsa. Jadawalin wannan kewaye yana cikin kowane littafin tarihin Sin, kuma lissafin minti biyar ne. Idan rubutun ya faɗi shekarun marubucin, ka tuna Sinawan da suna lissafa jariri da shekara ɗaya tun ranar haihuwa.

Akwai wata hanya mai daɗi, ta haruffan da aka haramta. A daular Qing ba a rubuta harafin da ke cikin sunan yankan sarki cikakke. Ana barin jan ƙarshe, ko a musanya shi da wani. Sunan Sarki Kangxi, wanda ya hau mulki a 1661, Xuanye ne, saboda haka aka riƙa gutsure harafin xuan ko a sa yuan a madadinsa. To ga shi harafin nan yana cikin Xuanzai, sunan girman Dong Qichang, wanda ya rasu tun 1636. Idan ka ga sa hannun da xuan gutsurarre, ka san an sassaƙa shi bayan mutumin ya daɗe a ƙasa. Wannan bai zubar da darajar abin ba. Ya ma ba ka shaida mai kyau cewa aikin zamanin Qing ne. Haka harafin hong na Qianlong da ning na Daoguang. Sauƙaƙƙun haruffan da gwamnatin Sin ta fitar daga 1956 su ma suna tona asiri, sai dai a yi hattara, domin da yawansu daga tsohon rubutun gudu aka ɗauko su, kuma malaman da sun yi amfani da su.

Wuƙar

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata ka zauna ka daɗe. Duk wanda ya taɓa feƙe alƙalamin kara ya san kaurin layi daga yankan bakin alƙalamin yake fitowa. Alƙalamin gashi ba haka yake ba: kaurinsa daga nauyin hannu yake. A danna ya buɗe, a ɗaga ya sirance, a yi sauri tawada ta yanke gashin ya bar farare-farare a cikin layin, abin da suke kira feibai. Kowane ja yana da shiga, da tafiya, da fita. Aikin masassaƙi shi ne ya mai da wannan nauyin hannu zurfi. Inda malami ya danna, wuƙa ta nutse. Inda ya ɗaga, ramin ya taso har ya ɓace a fuskar itace. Siririn zaren da ke haɗa harafi da harafi a rubutun gudu ya fito kamar gashi, bai tsinke ba, bai kuma yi kauri ba.

Kashe fitilar ɗaki, ka riƙe tocila a gefe yadda hasken zai kwanta a jikin itacen, ka ɗauki gilashi mai ninka girma sau 10. Hanyar da aka fi bi ita ce wuƙa biyu: yanka ɗaya ta wannan gefen layin, ɗaya ta wancan, su haɗu a ƙasa. Bangon ramin zai nuna fuskoki masu santsi inda wuƙa ta wuce, da 'yan wuraren da ta tsaya ta sake shiga a lanƙwasa. Wasu suna share ƙasan ramin ya zama shimfiɗaɗɗe, musamman a manyan haruffa. Injin haƙa mai juyawa yana barin ƙarshen layi a dunƙule, da zurfi iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, da 'yan zobba a ƙasan ramin. Injin da kwamfuta ke tuƙawa ya fi tsafta, amma shi ma bai san inda hannu ya danna ba. Na'urar leza kuma tana ƙona gefen ramin.

Da ka gamsu hannu ne ya yi, sai tambaya ta biyu: yaushe? Launin cikin ramin ya kamata ya kusanci na fuskar itacen. A zitan wannan yana da sauƙin gani, tunda sabon yanka ja ne; shi ya sa mai jabu ke cusa baƙin kaki ko dattin da ya kwaɓa. Dattin gaske hawa-hawa yake, ya taurare, ya fi yawa a lungu. Na kwaɓawa launinsa ɗaya, yana da taushi, wani lokaci har ya ɓata fuskar da ke gefen harafin. Gefen ramin tsohon rubutu ya sha hannu ya lallausa, kuma lallausar ta fi yawa a tsakiyar jiki inda ake kamawa. Idan duk gefunan suna da kaifi, ko duk an goge su daidai da takardar yashi, akwai magana.

Mafi ƙarfin shaida a wurina ita ce tsaga. Nemi inda harafi ya ratsa tsagewar itace ko wani tsohon rauni. Idan rubutun ya riga tsagar, layin zai rabu biyu, gefe da gefe su dace kamar an yaga takarda, wani lokaci ɗaya ya ɗan goce. Idan tsagar ce ta riga, za ka ga wuƙa ta ɓalli bakin tsagar, ko ta yi tuntuɓe, ko kuma sahun rubutun gaba ɗaya ya kauce mata. Sahun da ya san inda tsaga take, bayanta ya zo. Yawancin rubutun ana cika shi da launi, kore ko shuɗi na garin dutse, ko zinariya, wasu kuma da zaren azurfa ake dasa haruffan. Tsohon launi yakan zube a wasu wurare ya dushe. Amma sabon launi shi kaɗai ba hujja ba ne, domin masu abu sukan sake cikawa.

Kada a ɗauka duk rubutun da ya zo daga baya zamba ne. A fadar tarihi ta Bejin akwai bitong na huangyang, aikin Wu Zhifan na Jiading wanda ya yi zamani da Kangxi, mai nuna babban jami'i Xie An yana wasan dara lokacin da labarin nasarar yaƙin kogin Fei na shekarar 383 ya iso. Sarki Qianlong ya so shi har ya sa aka sassaƙa waƙarsa a jiki. Masu tara kaya na ƙarni na 18 da na 19 sun yi irin haka, suna sa sunan ɗakin karatunsu. Irin wannan ƙari tarihin abin ne. Bambancin shi ne ko rubutun ya faɗi gaskiya game da kansa.

Sai yanzu za ka koma ga suna. Samo hotunan ayyukan mutumin da ba a jayayya a kansu, na gidajen tarihin Bejin da Taipei da Shanghai, na shekarun da bitong ɗin ke iƙirari, domin hannu yana sauyawa da tsufa. Zheng Xie ya ƙirƙiro salon da ya gauraya tsohon rubutun magatakarda da na yau da kullum da na gudu, haruffa manya da ƙanana, wasu a karkace. Mai kwaikwayo yakan kama karkatar ya wuce gona da iri, ya rasa daidaiton da ke riƙe da sahun. Kuma kwaikwayonsa ba yau aka fara ba: a Weixian, inda ya yi alƙalanci, an san wani kafinta mai suna Tan Yunlong da ya ƙware a hannunsa. Salon Jin Nong mai kaurin kwance da siririn tsaye, kamar an yanka shi da wuƙa tun a takarda, ya fi kowanne sauƙin sassaƙawa, saboda haka kyansa a itace ba ya tabbatar da komai. Dong Qichang kuwa tun yana raye yana da masu rubuta masa. Kama da wane ba ta wane.

Game da hatimi, akwai kundin da Victoria Contag da Wang Jiqian suka fitar a 1940, da wanda gidan tarihi na Shanghai ya fitar a 1987. Ka tuna dai hatimin da ke jikin bitong sassaƙa shi aka yi, ba bugawa ba, kuma littafin da ke hannunka yana hannun mai jabu. Haka rubutun: idan ka same shi harafi da harafi, tazara da tazara, a wani sanannen zane da aka buga a littafi, to rage girman hoton aka yi aka manna. Rubutun da aka yi domin wannan mazubin yakan san jikin da yake kai. Tsawon sahu ya dace da tsayinsa, sa hannu ya faɗo inda ya kamata, an bar fili inda zanen itacen ya fi kyau. Don ganin wannan sosai ake ɗauko siffar rubutun a takarda: a lulluɓe jikin da siririyar takarda mai ɗan laima, a danna ta cikin ramukan da burushi, idan ta kusa bushewa a bubbuga tawada da ƙunshin ƙyalle, haruffan su fito fari a kan baƙi, a shimfiɗe. Aikin gwani ne. A abin da ke da launi a ramukansa ba a yi. Hotuna da yawa da aka ɗauka ana juya shi kaɗan-kaɗan suna iya wadatarwa.

Ra'ayina shi ne, bitong na itace da za a rantse cewa babban malami ya riƙe shi ya yi rubutu a kai kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawan masu kyau aikin ƙwararrun masassaƙa ne na ƙarni na 18 da na 19 da suka ƙaunaci hannun wani suka bi shi da gaskiya, kuma sun cancanci a so su a kan haka, a saye su da kuɗin haka. Abin da ke ɓata mini rai shi ne tsohon huanghuali marar rubutu da aka yanka jiya don a ninka farashinsa. Wannan ba ya gyaruwa.

Saye da ajiya

Kada ka yi cinikin biri a sama. Idan nesa ta hana ka riƙe shi, nemi hoton gindi, da na ciki, da na haruffa a kwantaccen haske, da nauyinsa da awonsa. Tambayi inda ya fito: tsohon kundin gwanjo ko na baje koli mai hotonsa, irin wanda Gerard Tsang da Hugh Moss suka shirya a Hong Kong a 1986 kan kayan ɗakin malamai, ya fi kowace takardar shaida da mai sayarwa ya buga da kansa. Idan tsohon hoto ya nuna shi babu rubutu, ka samu amsarka. Ka kuma san doka: tun 2007 ƙa'idar Sin ta hana fitar da kayan tarihin da suka girmi 1911, kuma huanghuali da zitan duka suna ƙarƙashin CITES, don haka ƙetare iyaka da su yana iya bukatar takarda ko da tsofaffi ne.

Abokin gabar itace shi ne sauyin laima na farat ɗaya. Ya fi son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 60 cikin ɗari. Wanda ya kawo irin wannan abu Kano ko Damagaram ya sani cewa iskar hunturu na iya tsaga shi cikin 'yan kwanaki. A ajiye shi a kabad mai rufi, nesa da taga da bakin na'urar sanyaya ɗaki. Ƙura da burushi mai laushi ake share ta. Ba ruwa, ba man girki, ba man goge kujeru na feshi. Kakin zuma kaɗan, jefi-jefi, a fuskar da ba rubutu, a goge da auduga. Kada ya shiga ramukan. Kada ka ƙwaƙule dattin haruffa, domin shi ne shaidarka. Ɗauke shi da hannu biyu, ɗaya a gindi, kar matoshin ya faɗi. Idan za ka sa alƙalami a ciki, busasshe kawai.

Idan ya tsage, kada ka yi gaggawar ɗura masa gam mai kamawa nan take, wanda ke shiga jijiyar itace ya ƙi fita. Tsagar rani sau da yawa takan rufe da kanta idan damina ta dawo, kuma abin da aka cusa mata a lokacin da take buɗe shi ne zai sa ta ƙara tsawo. Kafintocin Sin da gam na mafitsarar iskar kifi suke aiki, wanda ruwan ɗumi ke sakinsa idan ana son a warware gyaran. Mai gyaran da za ka kai wa, fara tambayarsa wane gam zai sa, kuma ko yana fita.